Gurbin da Ya Ƙi Cika

Manasseh ya tsallake rafin da ke bayan Tabanni da takalmi da safa a ƙafarsa, keke a kafaɗa. Matan da ke wanki suka kwashe da dariya. Ɗan boko ke nan, in ji su, ko ruwa bai isa ya ga tafin ƙafarsa ba. Bai ko waiwaya ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Kaduna kuma ta kamu da ciwon ƙidaya, komai so ake a mayar da shi lamba. Shi aka turo ƙasar Birnin Gwari, ƙaramin akawu mai jiran a tabbatar da shi a aiki, ya ƙirgo abu uku: marasa aikin yi, 'yan matan da suka yi ciki da ƙuruciya, da naƙasassun da ke cin albashi.

Biyun farko kaɗai sun isa su tayar wa mutum da zuciya. Samarin da ya tarar zube a gindin mangwaro a unguwar Magajin Gari, shugabansa Mista Edward ya ce ai manoma ne masu hutun rani, ya bi su da jan alƙalami ya soke. Yaran da ungozoma ta nuna masa kuwa, wasu ko ɗaurin zani ba su gama iyawa ba, Mista Edward ya riƙa ƙara musu shekaru yana taunar goro, har suka zama manyan mata a takarda. Manasseh ya tsaya yana kallo.

Na ukun ne ya tsaya a wuya.

"Wannan gurbin ba na son in ga sifili," in ji Mista Edward. "A rediyo manya za su karanta shi. Ko mutum ɗaya ne ka kawo mini, da sunansa da wurin aikinsa. In ba haka ba, kai ma ka nemi wuri a gindin mangwaro."

Manasseh yana da mata, Sabina, ga ta da tsohon ciki, ga tsohuwarsa a ƙauye tana jiran ƙarshen wata. Don haka ya bazama.

Ba naƙasassu masu aiki ya rasa ba. A Kusasu ya ga makaho Isiyaku yana tufka igiyar da ke ciyar da gida guda. Ya ga gurguwa Saude, wadda daddawarta har Funtuwa ake kai ta. Amma dokar ofis ta ce in babu albashi babu aiki, wato su duka zaman banza suke yi. Tir da doka irin wannan! Masu albashin kuwa, duk inda ya leƙa, makaranta ko asibiti ko gidan waya, sai a dube shi kamar ya yi saɓo. Wa zai ɗauki musaki alhali ga masu lafiya na bin layi?

A nan Tabanni ne wani ya ce masa ya nemi Bakoji, mai gadin gandun daji, shi kam hukuma ke biyansa. Bai yi nisa da rafin ba tayar keke ta sace. Ya ci gaba a ƙasa yana turawa, ya ratsa sarƙaƙiya da duwatsu ba tare da ya rage sauri ba.

Bukka ce guda a tsakiyar daji, ba maƙwabci ko ɗaya. Wani tsoho na zaune a ƙofa yana ƙoƙarin kama ludayi da dungulmin hannu. Kuturu ne. Manasseh ya ja ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da hankici, ya kasa ko duban hannayen.

"Sannu, Baba. An ce kana karɓar albashi."

"Albashi?" Bakoji ya yi wata busasshiyar dariya. "Ranar da likita ya ga tabo a bayana, ranar aka karɓe kakin. Ba su ko mayar da shi sito ba, a gabana suka cinna masa wuta. Takardar sallamata ma a bakin sanda aka miƙo mini."

"Ba su ce in ka yi magani ka dawo ba?" Tambayar ta kuɓuce wa Manasseh da sauri.

"Na sha ƙwaya har ta kashe cutar. Wa ya tambaya? Ɗana, su ba cutar suke gudu ba, sunan suke gudu."

Tsohon ya dube shi tun daga sama, ya sauko da ido a hankali har ƙafarsa.

"Allah ya rufa asiri, ɗana. Ka riƙa duba inda kake takawa."

Manasseh ya juya ba ko sallama. Sai da bukkar ta ɓace ya tsaya ya yi ta kelaya amai a gindin wata ɗorawa.

Da la'asar ya isa masauki. Ya rufe ƙofa, ya tokare ta da kujera, ya saki labule. Akwai suna ɗaya da zai cike gurbin nan, sunan gaskiya, da wurin aiki na gaskiya. Sai dai ranar da aka karanta shi, ranar mai sunan zai rasa aikin, gurbin ya koma yadda yake. Ya ɗauki alƙalami ya zana sifili, ya tofar da yawu a ƙasa.

Sannan ya sunkuya zai cire takalmi, na hagun ya ƙi fita. Ƙayar aduwa ce ta huda shi ta nutse cikin nama, safar ta sha jini har ta sandare, kuma bai san tun yaushe yake tafe a kanta ba. A hankali ya zare ta, ko gezau bai yi ba, domin tun bara ƙafar ta daina jin zafi, ƙafar kuturu ɗaya tilo mai cin albashi a duk ƙasar Birnin Gwari.