Farin da Ke Bayan Hoton

"Inna, riƙe ta za ki yi, amma kada ki fito a hoton," in ji mai hoto.

Tsohuwar ta dubi mai fassara. Wata goma sha huɗu tana rainon yarinyar a gidan marayu, jiya aka miƙa ta ga wasu Turawa, mata da miji. Yau kuma ga babur an aiko, wai tsohuwar ta zo birnin Hanoi maza.

"Ni fa ban gane ba, ɗan nan. Ba ta zama tasu ba?"

"Tasu ce, Inna," in ji mai fassarar. "Hoton biza ya rage, ƙarfe huɗu ake rufe ofishin jakadanci. A hannunsu ta ƙi yin shiru."

"Wato in riƙe ta, kuma ba na nan?"

"Yauwa, ashe kin gane!"

Ba ta gane ba. Mai hoto ya zaunar da ita, ya lulluɓe ta da farin zane daga ka har gwiwa. Ba ta ganin komai, sai ta ji an ɗora mata nauyin da ta sani. Kukan ya tsaya cak.

Da hoton ya fito, Baturiyar ta miƙo mata. Yarinyar ce ita kaɗai, bayanta fari fat.

"Wannan zai bi ta can?"

"Cikin fasfonta za a saka shi, Inna."

Ta ɗora yatsa a kan farin. "To in ta girma, su gaya mata wannan ba bango ba ne."