Tsawar da Na Daka wa Ammu Salim

Ina yaro a unguwar Nuzla, akwai wani tsoho Bafalasɗine mai shago, Ammu Salim, wanda ya taɓa leburanci a Isra'ila. Wata la'asar ya zaunar da ni yana koya mini Ibrananci: burodi "lehem", ruwa "mayim".

Na ce, "Ammu, wace kalma ka fara koya?"

Ya ce, "Atsor, wato tsaya. A bakin sojoji na ji ta."

Yana juyawa riƙe da kofin shayi, na daka masa tsawa da wasa: "Atsor!"

Kofin ya tarwatse a ƙasa, hannayensa biyu suka yi sama. Can ya waiwayo da murmushin yaƙe. "Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana, je ka gida."

Yau har na yi furfura, amma in na tuna murmushin nan, sai in ji gara ma da ya mare ni.