Duwatsun Katangar Ofelia

Ofelia ta sake ciro dutse daga katangar gidanta, ta ɗora wa Evaristo, aminin mijinta, a kafaɗa. Katangar da mijinta Anselmo ya jera da hannunsa, ya shafe da farar ƙasa, yanzu duk ta zama giɓi. Ba ta damu ba. Ita dai a samo mata gawarsa kafin ranar da ake girka wa matattu abinci, don wanda ba shi da kabari ba ya gane hanyar gida.

Anselmo da Evaristo tare suka fita teku kamun kifin nan mai hannu takwas, Evaristo ya dawo shi kaɗai. Ya ce uwarsu ce, ƙatuwar da kakanni ke faɗa, ta miƙo hannu daga wurin da ake kira Bakin Kogo a cikin teku ta fizge amininsa. Tun daga ranar masuntan garinsu Celestún suka ƙaurace wa wurin, kowa ya kama kansa.

Ban da Evaristo. Kullum da safe can yake nufa ya yi nutso, ya dawo hannu duk ƙuje, babu kifi babu gawa. Duwatsun kuwa, ya ce da su yake tsayar da kwalekwale, igiyar ruwa ce ke tsinke masa su. Gari ya ɗauka, ana cewa abokin kuka shi ne aboki. Ofelia kan zuba masa abincin Anselmo a kwanon Anselmo, tana jin kunyar wahalar da take ba shi.

Ran nan tsoho Don Hilario, wanda ba ya tsoron komai sai matarsa, ya kawo mata masu hannu takwas ɗin da ya kamo ta gyara. Ɗaya ya mutu rungume da wani abu. Da ƙyar ta ɓamɓare hannuwan, sai ga guntun dutse, gefe guda fari fat da farar ƙasa irin ta katangarta.

Tsohon ya yi dariya, ya ce halinsu ke nan, ɓarayin dutse ne, da shi suke toshe ƙofar raminsu.

"A ina ka kamo shi, Baba?"

"Bakin Kogo mana, 'yata. Ni ban ga wata uwarsu ba. Amma wani ya yi musu gata a ƙasan ruwan nan. Tarin fararen duwatsu ne a jere, suna ɗiba ana ƙarawa, tsawonsa daidai kwanciyar mutum, sai ka ce kabari."