Mai Shela da Daƙiƙa Goma

Tunda ana gardamar ko na'ura ce ke ceton mutane ko tsari ne, ga wani misali. An yi wani gari a gindin dutse da ƙasarsa ta ɗauki wata ɗabi'a da ba a san ta da ita ba: duk bayan shekara biyu ko uku sai ta ɗan motsa, kamar mai barci ya gyara kwanciya. Ba ta kashe kowa ba tukuna, ta dai kifar da randuna, ta bar wa zauren mai gari wata tsaga da kaza ke iya leƙowa ta ciki. Sai wasu malaman makarantar koyon sana'a suka haɗa 'yan akwatuna, kowanne kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba, suka binne a ƙauyukan bayan dutsen, inda motsin ke farawa. Akwatin da ya fara jin girgiza zai aiko da saƙo, wata 'yar ƙararrawa ta yi kuka a cikin gari. Suka ce tsakanin kukan da isowar girgizar daƙiƙa goma ne, wato abin da zai ishi mutum ya fita fili in bai tsaya neman takalmi ba. Sun so a haɗa ta da lasifikar kasuwa kowa ya ji lokaci guda. Dattawa suka zauna, suka ga ba a taɓa yin garin da akwati ke yi wa talakawa magana kai tsaye ba, alhali ga mai gari, ga mai shelarsa. Aka ɗinka wa ƙararrawar gidan fata kamar laya, aka rataya wa mai shela a wuya.

Mai shelar nan dattijo ne, gadon aikin ya yi, kuma a shekara talatin ko ɓatan jaki bai taɓa sanarwa ba sai ya fara da abin da ake farawa da shi: mai gari yana gaishe ku, yana gaida liman, yana gaida masu unguwa, sarkin pawa, manoma, mata a cikin gida, baƙi da 'yan gari. Ya sa aka riƙe masa agogo ya gwada. Gaisuwar kaɗai ta ci daƙiƙa hamsin, a hakan ma ya yi sauri. Ya cire sarkin pawa, labari ya kai mahauta, ƙashin miya ya daina zuwa gidansa. Ya cire baƙi, aka ce garin da ba ya gaida baƙo ai ba gari ba ne. Ya je wurin malaman ya roƙi a ƙara wa akwatin minti ɗaya, suka ce ba su ne ke ba da lokacin ba, ƙasa ce. Ya dawo wurin mai gari ya tambaya ko ranar zai iya ajiye gaisuwar sai bayan girgiza, mai gari ya ce a duba yadda magabata suka yi. Aka duba, ashe magabata ba su yi girgizar ƙasa ba. Haka ya zauna wata bakwai a gindin durumin ƙofar zaure, ƙararrawa a ƙirji, bai san da wace kalma zai fara ba.

Ran nan da hantsi ana sulhun iyakar gona, dattawa goma sha biyu, har da mai gari da liman da masu gonar, a ƙarƙashin tsagaggen rufin zauren, sai abin wuyansa ya yi kuka. Ya miƙe, ya kai hannu kunne yadda ya saba, ya buɗe baki. Gaisuwa ta taso, sanarwa ta taso, suka haɗu a maƙogwaro kamar shanu biyu a ƙofa ɗaya, ba wadda ta wuce. Abin da ya fito wani ihu ne marar kai marar gindi, irin na wanda kunama ta harba, sannan ya yar da hula ya ruga tsakiyar fili yana ta yi. Mutanen zaure tun suna yara ba su taɓa jin muryarsa babu gaisuwar mai gari a gaba ba, don haka ba wanda ya kawo girgiza a ransa. Suka ce shi ke nan, bawan Allah ya taɓu. Haukan mutumin kirki kuwa ba a jiran a ba ka labari, gani ake yi da ido. Suka yo waje rububi, masu gonar biyu a gaba, mai gari a baya, duk ba takalmi. Liman ya fara tofa masa addu'a ke nan sai ƙasa ta gyara kwanciyarta, zauren ya zauna a kan tabarmin da suka tashi daga kai.

Har yau ba a daidaita a kan abin da ya faru ba. Malaman sun ce akwatinsu ya yi aiki. Dattawa sun ce tsarinsu ne, tunda ta bakin mai shela aka ji. Mai gari kuwa da ya gama kaɗe rawaninsa sai ya dube shi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Sai dai ba ka gaida jama'a ba." Shi mai shelar, in aka tambaye shi me ya ce ranar, cewa yake shi ma bai ji da kyau ba. Maganar lasifika an sake zama a kanta, an ɗaga zuwa bayan girbi. Abin da ba a musu a kai shi ne an tono takalman mutum goma sha biyu a bakin ƙofa, kuma kowane mai takalmi da ƙafarsa ya zo ya ɗauki nasa. Masu iya magana dai ba su sa sharaɗin sai an gane ba. Cewa suka yi, in kunne ya ji, jiki ya tsira.