Wanzamin Gulbawa

Kai da kullum kake cewa sai baɗi za ka leƙa gida, saurari abin da ya sami wani wanzami.

Mutumin nan ya bar garinsu Gulbawa yana saurayi, da zabira a kafaɗa, ya gangara Kudu cirani da niyyar dawowa kafin shuka. Ba korarsa aka yi ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Yayarsa ce ta raka shi har bakin gulbi, ta tsaya har kwalekwale ya ƙetare da shi, tana ɗaga murya tana cewa kada ya daɗe. A can sana'a ta karɓe shi, ya yi aure, ya hayayyafa, shekara ta bi shekara har arba'in da ɗoriya. Amma Gulbawa ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Duk wanda ya sunkuyar da kai gaban askarsa sai ya sha labarin kifin ragon ruwa na gulbinsu da tsamiyar kasuwa da yadda mata ke kiran mai fito da asubahi. In an ce masa yaushe za ka, sai ya ce bari dai damina ta wuce. Da farko yakan aika gaisuwa ta bakin masu kawo shanu. Da waɗanda ya sani suka daina zuwa sai saƙo ya yanke, shi kuwa ya ɗauka gari na nan yadda ya bar shi.

Ran nan da hantsi wani malamin makaranta yana zaune a rumfar wanzamin yana jiran aski, riƙe da jaridar Hausa da aka kawo masa daga Arewa. Yana cike wasan nan ne na ƙananan gidaje da ake jera haruffa a tsaye da kwance, sai kalma ɗaya ta gagare shi, ya karanta tambayar a fili ko wani zai taimaka: harafi bakwai, sunan da ake kiran ɗaliban wata kwaleji, kuma tsohon garin bakin gulbi da ya zama kufai. Wani direba da ake yi wa aski ya ce ai Gulbawa ke nan, ƙanensa can ya yi karatu. Malam ya ƙirga gidajen, ya ga sun yi daidai, ya rubuta yana murmushi. Wanzami kuwa askarsa ta tsaya cak a sama. Ya roƙi a maimaita masa kalmar ƙarshe, aka maimaita. Ya ƙarasa askin da ƙyar, ya naɗe zabira, kwana biyu bayan haka yana cikin mota.

Da suka iso ƙasarsu ya ce a sauke shi a Gulbawa, sai aka sauke shi a ƙofar wata babbar makaranta a kan tudu. Samari da 'yan mata na ta shiga da fita, sunan garinsu rubuce a ƙirjin rigunansu. Ya tsaya yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya ko zai ga hancin gidansu ko goshin gidan maƙera, bai ga ko ɗaya ba. Ya tambayi wasu ko su 'yan gidan wa ne a Gulbawa, suka yi dariya cikin ladabi, suka ce duk wanda ya yi karatu a nan ai sunansa ke nan. Maigadin ƙofa, wani dattijo, shi ya ba shi wurin zama da ruwa, ya ba shi labari. Gulbi ne ya ci garin damina uku a jere, mutane suka watse, kowa ya bi inda yake da dangi, daga baya aka gina kwaleji ta ɗauki sunan. Da wanzami ya ambaci sunan yayarsa sai maigadi ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe kai ne," ya ce. "'Ya'yanta sun yi juyin duniya ta bi su birni, ta ƙi. Ta yi bukka a nan bakin hanya, wai in ka zo ka tarar babu gari, kada ka rasa wanda za ka tambaya. Shekara biyu ke nan da muka kai ta."

Ya nuna masa kabarin, wanzami ya yi addu'a, ya daɗe a durƙushe. Daga nan ya gangara kufai shi kaɗai. Ya sami gulbi ya sake hanya, inda kasuwa take a da yanzu gonar dawa ce, dawar ta fi mutum tsayi. Ya yi ta zagaye yana ƙidaya taku daga wani tsohon dutsen niƙa da ya gani, ko zai gane inda zaurensu yake, har rana ta karkata bai gane ba. Wani manomi da ke noma a wurin ya miƙe, ya jingina da fartanyarsa, ya yi masa sannu, ya ce, "Baƙo, daga ina?"

Wanzami ya buɗe baki zai amsa, ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa sunan garin da zai faɗa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.