Kwamfutar da Mijinta Ya Kulle

"Hajiya, kwamfutar lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara. "Sai dai a kulle take da kalmar sirri."

Mijinta, ma'aikacin ruwa a Tiga, bai yarda ya ba wani kamfani ajiyar hotunan iyalinsa ba. Ya kafa tsohuwar kwamfuta a ɗaki, ya sa mata manhajar kyauta, wayoyin gidan suna juye mata duk abin da suka ɗauka. A ciki bikinsu yake, da muryar 'yarsu tana koyon magana kafin ƙyanda ta ɗauke ta. Watan jiya mota ta kife da shi a hanyar Doguwa, ya rasu.

"Ba a iya fasa kullen?"

"Wallahi ba hali. Amma mijinki ya bar abin tuna kalmar."

Ya juyo mata allon. An rubuta: *Ranar da na fara ganinki.*

Ta sa ranar da ya fara zuwa zance, kwamfutar ta ƙi. Ta sa ranar da ya tare ta a kasuwar Ƙofa, ta ƙi. A nan ta gane ya daɗe yana ganinta kafin ta san da shi, kuma bai taɓa faɗa mata yaushe ba.