Sabon Likitan Anti Kwalliya

Tun da hukumar lafiya ta ce duk shagon ƙarin ruwan da ba shi da likita za a garƙame shi, Anti Kwalliya ta rasa sukuni. Shagon nan shi ne rufin asirinta. Mata kan zo su miƙe a kujeru masu laushi suna latsa waya, ledar ruwa mai bitamin na ɗiga a hannu, wai su tashi fes, gajiya ta bi iska.

Ƙaninta ne ya share mata hawaye. Ya kawo mata wani dattijo mai faɗin kafaɗa, ya rantse likita ne na gaske, ritaya kawai ya yi.

Ai kuwa ta yi dace, don mutumin ba ya kuskuren jijiya. Sai dai yana da nasa salon. Da zuwan mace sai ya ɗaga fatar idonta, ya sa ta buɗe baki, ya dubi haƙora, ya faɗi shekarunta a gaban jama'a. Ko ɗaya ba ya rage wa kowa, abin da ya ɓata wa da yawa rai. In zai soka allura kuwa, daga gefe yake tsayawa, nesa da ƙafa, yana lallashi ƙasa-ƙasa: "Yawwa, tsaya, tsaya."

"Likita, ba ka tambayi abin da ke damuna ba," in ji wata.

"Afuwa, Hajiya. Inda na yi aiki ba a faɗa, ni nake ganewa."

Anti ta ji daɗin wannan amsa har ta riƙa yi wa maƙwabta fankama da ita.

Wata rana da hantsi sai ga jami'ar hukuma, fuska a murtuke, jaka a kafaɗa. Anti ta dake. Jami'a ta buɗe firji, ta leƙa kwandon zubar da allurai, ta juya ledojin ruwa tana duba ko sun lalace. Ba ta sami abin kushewa ba.

"Ina likitanku?"

Dattijo ya fito yana cire safar hannu. Nan take fuskar jami'a ta washe. Ta rusuna ta gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, ta ce duk suna lafiya, har da ƙananan. Anti ta sauke ajiyar zuciya, daɗi kamar ta taka rawa.

"Ashe ma kun san juna!"

"Sosai ma, Anti. Hannunsa akwai albarka," in ji jami'a, tana zaro ƙaton kwaɗon garƙame ƙofa daga jakarta. "Duk awakin gidanmu shi ya karɓi haihuwarsu."